Wa Ke Riƙe da Sunayen 'Yan Gudun Hijirar Zamfara?

A Zamfara ba hukumomin agaji aka rasa ba. Akwai NEMA, hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 1999. Akwai hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa, wadda ta girme ta da shekara goma, don tun 1989 gwamnatin soja ta kafa ta. Akwai ma'aikatar jinƙai ta tarayya da aka ƙirƙiro a 2019, kuma wadda ta fara riƙe ta, Sadiya Umar Farouq, 'yar jihar nan ce. Jiha na da tata hukumar agajin gaggawa, ga kuma hukumar zakka da waƙafi. Ga Red Cross, ga UNICEF, ga IOM mai ƙidayar waɗanda suka bar gidajensu, ga likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF da suka shigo Anka tun 2010. Ban da 'yan agajin masallatai, da ƙungiyoyin mata, da gidauniyoyin 'yan siyasa masu tsirowa gab da zaɓe. Da yawan masu taimako ne ke cika ciki, da babu yaron da zai kwana da yunwa a kangayen Gusau.

Amma suna kwana da ita. In ka tambayi jami'i dalili, amsar da ta fi sauƙi a bakinsa ita ce dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Akwai gaskiya a ciki, kuɗin ba su isa ba. Sai dai ni ban yarda nan maganar ta tsaya ba. Ɗan abin da ake da shi ma ba ya sauka inda ya kamata, saboda kowace hukuma da nata littafin, kuma ba mai leƙa na wani.

Duk wanda ke da 'yan uwa cikin waɗanda 'yan bindiga suka tasa ya san yadda abin ke gudana. Yau wata tawaga ta zo da motarta, ta tara mutane a layi cikin rana, ta rubuta suna da yawan iyali, ta ɗauki hoto, ta tafi. Bayan kwana biyu wata ta zo da tata takardar, ta sake yin tambayoyin nan dai. Shi ya sa kalmar da ta fi yawa a bakin mutanen ita ce "an rubuta mu". An rubuta su, sau nawa ma, amma buhun gero bai iso ba. Idan kuma kayan suka zo, sai ka tarar wanda ya sauka kusa da bakin titi ya samu tabarma uku da bokiti uku daga hannu uku, ba kuwa tabarma ce damuwarsa ba, abinci ne. Wanda ya raɓe a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina bai ga ko ƙwaya ba. Mai ƙarfin turereniya ya samu. Tsohuwar da ba ta iya tsayuwa ba ta samu ba. Matar da aka kashe wa miji tana cikin takaba, ba za ta fito layi ba, kuma ita ce ta fi kowa buƙata. Babu wanda ya ƙulla wannan da mugunta. Haka tsarin yake haifarwa in ba wanda ke kallon gaba ɗayan lamarin.

Abin da ya ƙara wahalar da aikin a nan shi ne masu gudun hijirarmu ba a tattare suke ba. Zamfara ba ta bi hanyar Borno ta buɗe manyan sansanoni ba. Ban da wurare kaɗan irin na Anka, inda jama'a suka fake a ginin sabuwar fadar sarki da ba a gama ba, yawancinsu a warwatse suke: wasu gidan dangi, wasu a kango, wasu a ajin firamare, wasu a rumfunan kasuwa da bakin tasha. Wasu ma kwana kawai ke kawo su gari, da safe su koma gona in hanya ta yi kyau. Ba ni cikin masu cewa lallai sai an buɗe sansani. Sansani yana mai da manomi mai jiran rabo, kuma ita kanta Borno tun 2021 ta shiga rufe na Maiduguri. To amma rashin sansani ba hujjar rashin rajista ba ne. Hasali ma mutumin da ba ya cikin shinge shi ya fi buƙatar a san inda yake, tun da ba za a yi tuntuɓe da shi ba.

A duba abin da ya faru da waɗanda ƙafarsu ta kai su arewa. Daga 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi ta Nijar. Mutane ɗaya ne, harshe ɗaya, 'yan bindigar da suka koro su ɗaya. Amma da suka ƙetare iyaka sai suka faɗa ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta 1951 da ta Afirka ta 1969 kan 'yan gudun hijira, aka san takamaimai wa ke da alhakinsu: gwamnatin Nijar da UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Aka yi musu rajista, aka janye wasunsu daga bakin iyaka zuwa garuruwa irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda aka tsara cewa ruwan sha da asibiti da makaranta na baƙo ne da ɗan gari baki ɗaya. Ba aljanna ba ce, can ma ana kukan ƙarancin abinci. Sai dai akwai ofishin da za ka nuna da yatsa ka ce naka ne. Ɗan uwansu da ya gudo Gusau ko Ƙaura Namoda, a cikin ƙasarsa ta haihuwa, bai san ƙofar da zai buga ba. Abin kunya ne a ce wanda ya bar ƙasa ya fi wanda ya tsaya cikinta sanin mai kula da shi.

Ba wai babu doka a takarda ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Kampala, wadda ƙasashen Afirka suka ƙulla a 2009 kan waɗanda rikici ya raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu, ta tabbatar da ita a 2012. Wannan yarjejeniya ta ɗora wa gwamnati nauyin naɗa hukumar da za ta haɗa kan masu agaji, da kuma ajiye rajistar da ake sabuntawa. A 2021 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar ƙasa kan 'yan gudun hijirar cikin gida. Duk suna nan a kabad.

Sannan ga wani giɓi daga ɓangaren Majalisar Ɗinkin Duniya. Shirinta na agaji da take fitarwa kowace shekara domin Najeriya, wanda da shi ake neman kuɗi wurin masu bayarwa, an gina shi ne kan Borno da Adamawa da Yobe. A can akwai tsarin da aka san wa ke jan ragamar me: WHO ga lafiya, UNICEF ga ruwa da tsafta da tamowa, hukumar abinci ta WFP da ta noma FAO ga abinci, kowannensu tare da ma'aikatar gwamnati da abin ya shafa, ofishin daidaita ayyukan jinƙai na OCHA kuma na haɗa su a tebur ɗaya. Arewa maso yamma ba ta samu irin wannan gata ba, ko da yake ƙidayar IOM ta nuna waɗanda suka rasa matsuguni a arewa maso yamma da arewa ta tsakiya sun haura miliyan ɗaya. MSF ta fito fili a 2022 ta yi kiran a sa yankin nan cikin shirin, saboda yawan yara masu tamowa da ke cika asibitocinta. Hujjar da aka daɗe ana kafawa ita ce namu ba yaƙi ba ne, fashin ɓarayin daji ne da talauci, don haka aikin raya ƙasa ne. To, gwamnatin tarayya da kanta ta ayyana su 'yan ta'adda a farkon 2022, jiragen yaƙi na ruwan wuta a dazuzzukanmu, ana ɗora wa ƙauyuka haraji kafin su yi noma, a sake ɗora musu kafin su yi girbi. Wanda ya ga dama ya ci gaba da musu kan sunan abin. Uwar da ta goyo ɗa ta riƙo biyu cikin dare ba ta da wannan lokacin.

Shi tsarin raba aikin nan ba don ƙawa aka ƙirƙiro shi ba, gawarwaki ne suka koya wa duniya. A watan Yulin 1994, bayan kisan kiyashin Ruwanda, ɗaruruwan dubban mutane suka kwarara garin Goma na ƙasar Zayar (Kwango ta yanzu) cikin 'yan kwanaki. Ƙungiyoyin agaji suka cika wurin maƙil, kowa da tutarsa, amma abin da ya fi gaggawa, wato tsaftataccen ruwa da masai, ya yi ƙaranci. Kwalara da atuni suka kashe kimanin mutum 50,000 cikin wata guda. Bitar da aka yi bayan nan ce ta haifar da ma'aunin Sphere a 1997, wanda ya ce aƙalla kowane mutum ya samu lita 15 ta ruwa a rana, kuma kada fiye da mutum 20 su haɗu kan masai ɗaya. A 2005 aka zo da tsarin ba kowane fanni jagora guda. Wanda ya san kangayen da mutanenmu ke kwana ya auna su da waɗannan alƙaluma da kansa.

Amma ba sai mun je Goma neman darasi ba, muna da namu a gida, kuma na fi son a tsaya a kansa. A 2010 aka gano gubar dalma na kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda ana daka duwatsun zinari a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Wannan bala'i ba wanda zai iya shi shi kaɗai. MSF na da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba shi da amfani in yaro zai koma ya yi rarrafe a ƙasar da ta gurɓace. Sai an kankare ƙasar gidajen an zuba sabuwa, kuma wannan aikin wasu ƙwararru ne daga Amurka tare da ma'aikatar muhalli ta jiha. Masu gwajin jini daban, WHO da CDC, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, daban. Sarakuna da masu unguwanni su ne suka shawo kan magidanta a bar ma'aikata su shiga har tsakar gida, a kuma fitar da aikin daka dutse bayan gari. Inda kowa ya yi nasa a kan lokaci, mutuwar yara ta ragu ƙwarai. Inda mutum ɗaya ya yi jinkiri, kowa ya tsaya: Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai 2013 aka fara share ta, saboda kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari sun ƙi fitowa sai da aka yi ta matsin lamba. Duk tsawon lokacin likitoci na nan da maganinsu, yara na nan da gubarsu. Abin lura a nan shi ne an san gida nawa ne a kowane ƙauye, an san wanne aka share, an san yaro nawa aka gwada. Da aka samu tsaiko, an san wuyan wa za a kama. Jihar da ta iya wannan a kan dalma ba ta da bakin cewa ba za ta iya a kan gudun hijira ba.

Saboda haka abin da nake kira gare shi ba sabuwar hukuma ba ce, Allah ya kiyaye, waɗanda ke akwai sun isa. Rajista ɗaya nake nufi, a hannun hukumar agajin gaggawa ta jiha, wadda kowa zai zuba nasa bayanin a ciki kuma ya duba kafin ya ɗauko kaya. A fara ta daga mai unguwa da limami, don su ne suka san gidan da aka wayi gari mutum goma sun koma talatin. A sa mace cikin masu rubutawa a kowace unguwa, mai iya shiga cikin gida ta ga mai takaba da mai jego. Sai zama na wata-wata, ba a Gusau kaɗai ba, a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma cikin 14 ɗin da abin ya shafa, inda za a ce: wane ya ɗauki abincin Zurmi, wane ruwan Shinkafi, wa ya rage a Ɗansadau. Kuma a san mutum ɗaya, mai suna da ofis, wanda in aka tsallake wani gari shi za a tambaya.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Ƙungiyoyin waje na tsoron miƙa sunayen mutane ga gwamnati, suna da dalili. A jihar da kowa ke zargin maƙwabcinsa da zama infoma, takarda mai ɗauke da sunan mutum da ƙauyensu da inda yake kwana na iya zama sanadin ajalinsa in ta faɗa mugun hannu. Sannan mun san halin siyasarmu: jerin sunayen mabukata kan rikiɗe ya zama jerin 'yan jam'iyya tsakanin magariba da isha'i, buhu ya fito da hoton wani a jikinsa. Ƙungiya irin MSF kuwa tana shiga inda wasu ba su shiga ne saboda kowane ɓangare ya yarda ba ta aiki da kowa. Ranar da aka gan ta a ayarin jami'an tsaro, ranar ta rasa wannan hanyar.

Duk na yarda. Amma waɗannan dalilai ne na a tsara haɗin kan da hankali, ba na a bar shi ba. Ba dole ba ne likita ya bayar da sunan majinyacinsa. Ya isa ya ce yara kaza muka kwantar daga gunduma kaza a watan nan, mai rabon abinci ya san inda zai dosa. Cikakkun sunaye su tsaya a hannun mutane ƙalilan da doka za ta iya kamawa in suka fitar, sauran a ba su lambar gida da adadi. Game da siyasa kuwa, duhu ne ke taimakonta. Lokacin da kowa ke riƙe da littafinsa a aljihu ne kansila ke iya cusa sunan surukinsa ba a gani ba. In aka manna adadin gidajen da suka karɓa a ƙofar hakimi, aka karanta a rediyo, ƙarya na wuyar tsayawa.

Akwai kuma wasu mutane biyu da kusan kowane littafi ke tsallakewa. Na farko shi ne mai masaukin baƙi. Kafin wata mota mai tambari ta iso, shi ne ya buɗe zaurensa, ya raba rumbunsa, matarsa ta ƙara ruwa a tukunya. Bayan wata uku ya zama matalauci kamar baƙonsa, sai a zo rabo a ce ba shi cikin lissafi don bai yi gudu ba. Daga nan ƙiyayya ke farawa tsakanin ɗan gari da baƙo, kuma wannan ne Maraɗi ta gane da wuri. Hukumar zakka, wadda ta fi kowace ƙungiyar waje sanin unguwanni, nan ne gurbinta, in an gayyace ta teburin.

Na biyu, wanda ba a son a ambata, Bafulatanin da shi ma aka kora. Akwai rugagen da 'yan bindiga suka kwashe wa shanu, akwai waɗanda 'yan sa-kai suka ƙona, matansu da 'ya'yansu na yawo ba su da tudun dafawa. Ba za su shigo gari su tsaya a layi ba, suna tsoron abin da zai biyo baya. Rajistar da mai unguwa kaɗai ya rubuta ba za ta gan su ba, sai an sa arɗo a ciki. Wanda ransa ya ɓaci da wannan magana ya tuna cewa yaron rugar da aka bari ba abinci ba makaranta, akwai masu jiransa a daji da babur da bindiga.

Su ma jami'an tsaro suna da kujera a zaman, ba don su jagoranta ba, don su sanar. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da mai. Ko me mutum ke gani game da amfanin matakin, duk mai aika wa mabukata kuɗi ta waya ko mai kiran motar asibiti ya san abin da ya ɗanɗana. Haka in za a kai farmaki wani daji, an san ƙauyukan gefensa za su watse. Faɗa wa masu agaji su shirya ruwa da magani a garin da jama'a za su nufa ba tona asirin soja ba ne.

Lokaci kuma ba ya wajenmu. A 2025 Amurka ta zaftare tallafin da take bayarwa a duniya, ta rushe hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, USAID, har WFP ta yi gargaɗin dakatar da ciyar da mutane a arewa maso gabas, yankin da ke cikin shirin ma ke nan, balle mu da ke wajensa. Duk mai jiran wata babbar tawaga ta sauko daga Abuja ko Janiba ta tsara mana gida zai daɗe yana jira. Abin da zai zo kaɗan ne, kuma masu bayarwa sun fi sakin hannu ga jihar da ta iya nuna adadi da wuri da abin da ita kanta ta zuba. Rajista da zaman wata-wata ba su kai kuɗin gyaran titi guda ba.

Majalisar dokokin jiha ce ke da sandar a hannu. Kowace shekara shugabannin hukumomi na zuwa gabanta kare kasafin kuɗi. 'Yan majalisar da ke wakiltar Zurmi da Shinkafi da Maru da Anka da Tsafe, waɗanda masu zaɓensu ne ke kwance a kangayen, su nemi a ajiye musu rajistar a kan tebur, gunduma-gunduma, da sunan ƙungiyar da ta ɗauki kowace, kafin su sa hannu a kan ko sisi. Kuma a yi shi da rani, don daga Yuni zuwa Satumba rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, hanyoyin ƙauye sun yanke, lokacin ne gadajen yara masu tamowa ke cika a Zurmi da Shinkafi.